Kududdufin da Ke Yamma da Gidanmu

Ni dai jan biro ya riga ya shiga jinina. Na yi ritaya daga koyarwa a firamare a nan Gwarzo, amma ko katin biki aka miƙo mini sai na nemo inda aka yi kuskure. Shi ya sa da 'yar yayana ta ce tana so in duba mata wani zane, ban tsaya dogon tunani ba na ce ta kawo.

Ita da wasu abokan aikinta a Kano suke haɗa wasan nan na waya, wanda za ka sa yatsa kana tafiyar da wata yarinya cikin ƙauye tana neman akuyarta da ta ɓata. Nata aikin shi ne zana wuraren da yarinyar za ta bi: gidaje, lunguna, gonaki. Ba ta zana mutum ko ɗaya, wannan aikin wani ne. Gidan da wasan zai fara daga cikinsa kuwa, ta ce gidan kakanninta take so ta sa, wato gidanmu na wani ƙauye a Gammo ta ƙasar Kabo, inda aka haife ni da mahaifinta. Ba ta taɓa ganinsa ba. Tun kafin a haife ta ya rushe, yanzu dawa ake nomawa a wurin. Duk abin da ta sani daga bakin mahaifinta ne, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Cikin waɗanda suka tashi a gidan nan, ni kaɗai na rage.

Akwai abin da na tabbata yayana bai gaya mata ba. Yamma da gidan akwai kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar ginin a ciki, wanda yake cika da ruwa duk damina. A nan ƙanwarmu ta mutu, ba ta cika shekara biyu ba. Ni aka ba goyonta ranar, ina 'yar shekara takwas. Na sauke ta a bakin 'yar ƙofar da awaki suke fita, na zare sakatar na leƙa wajen ƙawata wasan carafke, ban mayar ba. Da aka zo tambaya, yayana ya ce shi ya bar ƙofar a buɗe. Baba ya yi masa dukan da ban taɓa ganin irinsa ba, Inna kuma ta daɗe ba ta iya haɗa ido da shi. Ina tsaye ban ce uffan ba. Har ya koma ga Allah ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko mu biyu. Don haka tun kafin ta zo na yanke wa kaina shawara: zan gyara mata komai, amma yamma ba za mu je ba.

Wata Asabar bayan azahar ta iso da kwamfutarta, muka gaisa, ta ci abinci, ta buɗe mini a tsakar gida. Kallo ɗaya na yi na ce mata wannan gidan waye? Yashi fari fat, ga itatuwan dabino sun yi layi. Na ce mu dai jar ƙasa muka sani, wadda in ka zauna a kai sai an gane a zaninka. Ta yi dariya ta ce a hotunan intanet ta duba. Na ce to intanet ɗin ba ta taɓa zuwa Kabo ba.

Daga nan na shiga aikina. Rumbun da ta zana a ƙasa yake zaune daram. Na ce gara za ta cinye dawar kafin Sallah, ta ɗora shi kan duwatsu. Ƙofar zaure ta saita ta da tsakar gida, mai wucewa yana hango mata suna daka. Na ce wane mai gida ne zai yarda da wannan, ta karkatar. Turmi ta ajiye shi a tsakiyar rana kamar wanda ya yi laifi. Bangon madafi fes, ba baƙin hayaƙi ko kaɗan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗorawa: ta sa mata jan tutunta, furen nan, yana reto, a gefe kuma ga dawa ta nuna ana shirin girbi. Na ce ta zaɓi ɗaya, don waɗannan biyu ba sa haɗuwa, in kaka ce kaka, in bazara ce bazara. Ta ce ai ba wanda zai lura. Na ce ni na lura, kuma ban mutu ba tukuna.

Ba ta jin haushi, haka mahaifinta yake. Sai ta ciro ɗan littafi tana rubutawa tana cewa to Gwaggo, sai me kuma. Na ce gidan ya yi tsafta da yawa, kamar ba a taɓa kwana a ciki ba. Ina igiyar shanya, ina tokar da aka kwashe, ina kaskon ruwan kaji? Na gaya mata indararon soron Baba yamma suke kallo, don ƙasar wurin can ta gangara, ruwa ba ya kwana a tsakar gida. Na faɗi wannan ne ina ta zuba, ban ma san na faɗa ba.

Haka muka yi Asabar uku ko huɗu. Duk zuwa gidan yana ƙara matsowa kusa da ni. Ranar da ta sa tsagewar da ke jikin bangon ɗakin Inna, wadda muke cusa ɓawon rake a ciki, sai na tashi na ce zan duba tukunya alhali ban ɗora komai ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Gida ne cikakke, ga tabarma a shimfiɗe, ga wuta a murhu, amma ba kowa a ciki. Haka gidan ya zama da yammacin ranar nan, lokacin da kowa ya fita nema. Bayan ta koma Kano ina salla sai in riƙa ganinsa a gabana, in rasa raka'a ta nawa nake.

Sai ta ce shugaban aikinsu ya yaba, amma ya ce ɓangaren hagu, wato yamma, fayau yake, ido ba ya samun inda zai sauka, kuma ta nan yarinyar za ta fita neman akuya. Ta tambaye ni me yake wajen. Na ce ba komai, fili ne kawai. Ta ce ko itace babu? Na ce na gaya mata ba komai, in ba ta yarda ba ta je ta tambayi wani. Ita ma ta san ba wanin. Na ji kunyar wannan magana, amma ban janye ta ba.

Ashe ta ɗauki maganata ta tambayar wani. Mako biyu ba ta zo ba, da ta zo sai ta ce ta biya ta Kabo ranar kasuwa, ta samu wani tsohon magini ta nuna masa zanen. Ya ce gida ya yi, amma ina aka samo ƙasar da aka gina shi? Ya ce a ƙauye ba a ɗauko ƙasa daga nesa, inda ka ga gidan ƙasa to raminsa yana kusa, kuma a gangare ake haƙa shi, inda ruwan indararo yake bi. Ita kuma ta buɗe ɗan littafinta ta ga abin da na gaya mata da bakina. Ta ce ta san ramin ba gaskiya ba ne tunda na ce fili ne, amma ta sa shi don cike wurin, in duba ko ya zauna.

Ta juyo mini da kwamfutar. Ga kududdufin nan a inda yake, taku kaɗan daga ƙofar awaki. Ko ni aka ba alƙalamin ban isa in sa shi daidai haka ba. Sai dai ruwan shuɗi ne garau, yana sheƙi, har da farin gajimare a ciki.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma jan biron nan bai bar ni ba. Na ji bakina yana cewa ruwan kududdufi ba ya yin shuɗi, kainuwa ce take rufe shi kore shar tun daga wannan baki har wancan, in ba ka sani ba sai ka ɗauka ciyawa ce ka taka. Na ce bakinsa na kudu ba a kwance yake ba, a tsaye yake kamar an yanka, don nan aka yi haƙa ta ƙarshe lokacin da za a yi wa Baba soro. Na ce akwai kututturen giginya a gefe inda mata suke wanki. Ina magana ina nunawa da yatsa, sai na lura ba ta rubutawa.

“Gwaggo, ai kin ce ba komai a wajen.”

Na kalle ta. Goshin mahaifinta ne sak, da yadda yake jira ba ya matsa wa mutum. Na ce ta rufe kwamfutar. Sannan na gaya mata tana da wata gwaggon da ba ta taɓa jin labarinta ba. Na gaya mata goyon, da sakatar, da carafken, da yadda aka ga inda kainuwa ta dare. Na gaya mata abin da mahaifinta ya ce, da abin da aka yi masa.

“Ba shi ba ne,” na ce. “Ni ce. Ya sani, kuma ya tafi da shi.”

Ta yi kuka, ni ban yi ba, nawa ya daɗe da ƙafewa. Can ta ce shi ya sa bai taɓa barinsu su je bakin dam ba, ko da makaranta ce ta kai su, suna ta jin haushinsa. Ban san wannan ba. Ya fi dukan da aka yi masa ciwo a wurina, don na ɗauka ni kaɗai nake ɗauke da abin duk shekarun nan.

Ta ce za ta goge ramin, ta sa gona. Na ce a'a, tunda yana nan a bar shi, ta gyara ruwan yadda na ce. Sai na tambaye ta yarinyar wasan, in mutum ya tura ta wajen, za ta iya shiga? Ta ce duk inda ta bari a buɗe ana iya bi, inda ta zana shinge kuwa mai haɗa wasan yana toshewa, ko an tura ba ta wucewa. Na ce to ta sa dangar kara tun daga jikin katanga har kututturen giginya, mai kauri, kada ta bar kafa ko ta kaza.

Ta ɗauki biro, sannan ta tsaya. Ta san halina, mako nawa ina hana ta sa ko tsinke in ba ya nan.

“Akwai dangar a da?”

“Babu. Ki sa.”

Ta rubuta. Ta tambaye ni tsawon da za ta yi mata. Na miƙe tsaye na sa tafin hannuna ɗan sama da gwiwata, daidai inda kan ƙanwata yake kaiwa in ta riƙe zanina. Na ɗaga shi sama har ƙuguna, na ce ta yi ta nan.