Itatuwan Indai Lulong

A dogon gidanmu da ke bakin kogi, inda duk ƙauyen ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya kowane iyali da ƙofarsa, ƙofa ta uku ita ce ta Indai Lulong, wato uwar Lulong. Kuku ce a sansanin 'yan katako. Da kamfanin ya gama sare manyan itatuwan tudunmu ya tafi, sai ta dawo gida da tukwanenta da adda ɗaya.

Tudun ya koma abin tausayi. Kututture ko'ina, jar ƙasa inda motoci suka bi, sannan kuranga ta rufe komai ruf. Wata rana ta je neman ganyen miya, ta ɗaga kurangar, sai ta ga ƙananan itatuwan engkabang sun tsiro a ƙarƙashi, duk sun yi fari don rashin rana. Bishiyar ce da muke matse man 'ya'yanta mu ci da shinkafa mai zafi.

Daga nan ta kama aiki. Takan datse kuranga ta buɗe musu haske. Inda suka yi cunkoso ta cire wasu, ta raine su cikin gora, ta dasa a tsohuwar hanyar mota.

Ƙanen mijinta Ngalang ya fi kowa tsokanarta. "Yaya, shekarunki nawa za ki jira bishiya? Sai dai ki ci man a kabari."

"To ka kawo shinkafar, kai ne ƙarami," in ji ta.

Wata shekara fari ya kashe fiye da rabin dashen. Ta yi kuka a gona inda ba kowa, ta sake dasawa. Da masu kwakwar manja suka zo neman hayar tudun, ta miƙe a taron gida, ta ce a bi ta a gani tukuna. Aka bi ta. Itatuwan sun wuce rufin ɗaki, inuwa ta soma kashe kurangar da kanta. Aka sallami baƙin.

Ta yi furfura kafin su yi fure. Shekarar da suka zuba 'ya'ya, aladun daji suka dawo, kifi ya yi ƙiba a kogi, jiragen kwalekwale suna dawowa shaƙe da 'ya'yan engkabang. Ta raba itatuwan ƙofa-ƙofa, har da iyalan da ba su taɓa riƙe mata adda ba.

Yanzu gwiwa ta hana ta hawa tudu. Tana zaune tana saƙa tabarma, duk wanda ya sauko sai ta tambaye shi yadda ya baro kurmin.