Yaya Umaru da Hanyar da Ya Bar Mana

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Umaru, wanda ya kwashe fiye da shekara talatin yana rubuta labarin ƙwallon gora a wata jarida a Kaduna. Kowace shekara nakan so in rubuta wani abu mai daɗi a kansa. Bana na zauna zan rubuta, sai na tarar tsoro ne ya cika min ciki, don haka shi zan faɗa.

A makarantar kwana a Sakkwato ya koyi wasan. Mahaifinmu ya so ya dawo Illela mu riƙa kai albasa Ƙonni tare, shi kuwa ya bi jarida. Ɗan lungu ake ba shi a shafin baya, ƙarƙashin labaran ƙwallon ƙafa, amma bai taɓa raina lungun ba. Zai hau motar haya zuwa Jos ko Ilorin don wasan da 'yan kallonsa ba su cika benci biyu ba, ya rubuta sunan kowane ɗan wasa, har da wanda bai shiga fili ba. In ya zo hutu, mutanen kasuwa su yi ta yi masa ba'a wai ga mai ba da labarin masu kora dutse da sanda. Dariya kawai yake yi, ya sa kafinta ya sassaƙa masa sanduna, ya tara yaran unguwa a filin firamare. Cikinsu har da ɗana Nasiru, wanda yanzu shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar jiha.

Bara, bayan damina, su Nasiru suka tashi zuwa gasa a Kaduna. Ina rumfata bayan azahar, sai maƙwabcina ɗan canji ya leƙo, waya a hannunsa, fuskarsa ba daidai ba. Ya ce 'yan bindiga sun tare hanya gaban Gusau, sun kora mutane daji, ana cewa har da wata bas cike da samari.

Na kira Nasiru, waya a kashe. Na kira mai horar da su, ita ma a kashe. Na tashi na rufe rumfa. Ban iya zuwa gida na kalli idon uwarsa ba, sai na hau babur na nufi gidan Hajiya Balki, matar marigayi, wadda ta dawo Illela bayan rasuwarsa.

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya a tsakar gidanta ba. Na ce Yaya ne ya ja mana wannan, shi da bai san tsoro ba ya koya wa ɗana yawon hanya.

Ta dube ni, ta ce, "Wa ya ce maka ba shi tsoro? Zauna, Sani. Shekarunshi na ƙarshe, duk randa zai yi tafiya ba shi iya cin komi. Sai ya bi ɗiyanshi ɗai-ɗai yana dafa kansu, kamar mai bankwana. Na ce mai, to mi za ya kai ka? Ya ce in bai je ba, yaran nan za su yi wasa su gama, babu wanda zai san sun yi."

Ban taɓa jin wannan ba. Ni dai na san shi da jaka a kafaɗa da raha a baki.

Muna nan zaune har rana ta yi sanyi, sai wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san abin da baƙuwar lamba ke nufi a rana irin wannan: 'yan bindigar ne ke kira su faɗi abin da suke so. Na ajiye wayar a ƙasa ban amsa ba. Hajiya ce ta ɗauka ta kara min a kunne.

"Baba, ni ne. Lafiya lau muke."

Direbansu ya hango motoci na juyowa a guje, ya taka birki, suka watse cikin gonar dawa, a nan wayarsa ta ɓace. Wani manomi ne ya ara masa tasa. Motar da ke gabansu ce aka kwashe. Har yau in na tuna cewa wani uban ya amsa irin wannan kiran ya ji wata muryar daban, sai abinci ya fita raina.

Na ce wa Nasiru ya juyo gida. Ya ce, "Baba, mun fi kusa da can." Washegari suka ƙarasa, suka buga, aka cinye su. Na sayi jaridu na duba shafin baya, ban ga ko layi ɗaya ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani, da mutum ke neman gafarar iyalinsa kafin ya shiga motar Kaduna. Da zai hana Nasiru? Ina so in ce eh, don in samu wanda zai goya min baya. Amma na san ƙarya zan yi masa. Da cikinsa zai ɗuri ruwa fiye da nawa, ya kasa cin abinci, sannan ya nemi kujera a bas ɗin nan.

Tsofaffin jaridunsa gara ta cinye rabi a ɗakin ajiya, sauran ba mai karantawa. Abin da ya rage nasa yana jikin samarin da har yanzu ke fita fili da yamma, yana kuma jikin ɗana, kuma shi ne ke hana ni sukuni. Allah ya jiƙansa, ya bar min gadon da ban roƙa ba.

Wata mai kamawa za su sake tafiya. Jiya na tarar da Nasiru a zaure yana ɗinke igiyar hular da ke kare masa fuska. Na tsaya a kansa, na shirya duk maganar da zan hana shi da ita. Ya ɗago yana jirana. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ranar tafiya ka tashe ni, ni zan kai ka tasha."