Kabarin Fada Absalom a Cikin 'Yan Poland

A bas ɗin coci na san Jael Dogara. Ranar Juma'a ce muke zuwa Mas a nan Doha, kuma kullum kujerarta ɗaya, ta bayan direba. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Zonkwa, nas a sashen wankin ƙoda na wani asibiti a Al-Sadd. Tana zaune a Bin Omran, ɗaki ɗaya da Sahadatu, wata nas Musulma 'yar zangon Kumasi.

Jael ba ta yi aure ba. Iyayensu sun rasu tana makarantar koyon jinya, suka bar mata ƙane ɗaya, Absalom. Ita ta yi masa uwa, ta yi masa uba, har ya shiga seminari ya fito fada. A gaban mutane Fada take ce masa, in su biyu ne kuwa sai Auta.

Ba ta daɗe a Doha ba bishop ɗinsu ya tura shi Amurka, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania inda limaman coci suka yi ƙaranci. Cocin da aka ba shi na 'yan asalin Poland ne. Duk Lahadi bayan ya tashi Mas yakan kira ta, lokacin ita ta dawo daga aiki tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ya yi ta ba ta labari.

Daga bakinsa ta ji tarihin cocin, mu kuma muka ji daga bakinta a bas. Fiye da shekara ɗari da suka wuce kakannin mutanen suka zo haƙar kwal. Cocin da suka tarar a garin ba a jin yarensu, kuma a kujerun baya ake zaunar da su. Sai suka ce za su gina nasu. Mazan kan fito daga rami baƙi ƙirin, su wuce wajen haƙa fandisho kafin su je gida, mata na ɗebo bulo. Suka yi makaranta, suka sayi fili a kan tudu suka yi maƙabarta. Daga baya ramin kwal ya rufe, yara suka watse zuwa manyan birane. Yaren ma ya tafi, sai a waƙoƙin Kirsimeti.

"Yaya, in kin ga cocin sai ki ce na dubu ne," in ji shi. "Amma duk mu ba mu fi cikin bas ɗinku biyu ba, kuma ni ne yaro a ciki."

"Suna ba ka abinci dai?"

"Kabeji, Yaya. Safe kabeji, rana kabeji."

Da fari tsofaffin ba sa gane Turancinsa. Wata Halina, mai shekara tamanin da wani abu, wadda kakanta na cikin waɗanda suka haƙa fandishon, ita ta kama shi ta zaunar a kicin ɗinta tana koya masa waƙoƙinsu baƙi bayan baƙi. Kirsimetinsa ta biyu ya rera guda da yarensu daga farko har ƙarshe, tsofaffin suka yi ta kuka. Tun daga ranar ya zama nasu. Halina kan karɓe wayar ta gaisa da Jael, Jael kuma ta ce mata Mama Halina.

Jael ta sha yi masa faɗa kan hawan jini, don shi ya kashe mahaifinsu. Yakan yi dariya ya ce yana shan magani.

Wata safiya a watan Janairu ya fito share dusar ƙanƙara a matakalar coci don kada tsofaffi su zame. A nan mai buɗe ƙofar coci ya same shi kwance, rai ya yi halinsa. Jael tana cikin cire wa wani dattijo allura aka kira ta. Ta gama, ta manna masa filasta, ta ce masa khalas, wato an gama, sannan ta fita ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Sahadatu ce ta ɗauko ta a tasi.

Washegari ƙanen mahaifinsu, Baba Job, ya kira daga Kaduna.

"A kawo shi gida, Jael. Ba a barin mutum a ƙasar wasu."

"Wane gidan, Baba? Tun rikicin nan wa ya rage a ƙauyen? Ko kabarin Mama ba na iya zuwa."

Ya ce to, ta yi shawara da bishop.

Da yamma Halina ta kira. Ta ce a tudun nan akwai layin da suke binne limamansu, tun daga na farko da ya zo daga Poland, kuma saura wuri ɗaya.

"Ki bar mana shi, 'yata. Ni zan riƙa kai masa fure. Ba zai yi kaɗaici ba."

Jael ta kwana biyu ba ta ba kowa amsa ba. Ta je Corniche, bakin teku, ta zauna tana kallon jiragen katako har aka kira magariba. Da ta dawo ta ce wa Sahadatu ta yarda, don a can ne aka so shi yana raye. Bishop ma ya amince. Ta nemi biza, amma ranar da aka ba ta ta ganawa a ofishin jakadanci ta faɗo bayan jana'iza da makonni.

A waya muka yi jana'izar. Mun taru a ɗakinsu, mu masu Hausa na coci, Sahadatu ta ɗaure mayafi tana zuba mana shayi. Jikar Halina ce ke riƙe da wayar a can. Muka ga tsofaffi cikin manyan riguna suna hawa tudu da sanduna, farar ƙanƙara ko'ina. A bakin kabari Halina ta matso da fuskarta ta ce su sun yi masa tasu waƙar, Jael ta yi masa da yarensa. Jael ta fara wata da mahaifiyarsu ke yi in tana niƙa. Baiti ɗaya ta yi muryar ta tsaya. Mu muka ƙarasa, daga Bin Omran, tsofaffin can suna tsaye sun sunkuyar da kai.

Halina ta cika alkawari. Duk wata sai hoton kabarin ya zo, da fure a kai. Jael ta sa a ranta za ta je, amma hutu bai samu ba, aka yi ta ɗagawa.

Ba a turo wani fada a madadinsa ba. Shekara biyu bayan rasuwarsa aka haɗe cocin da na wani gari, aka yi Mas na ƙarshe, aka rufe ƙofa. Aka sauke ƙararrawa, aka sa ginin a kasuwa. A cikin hunturun nan Halina ta faɗi ta karye a ƙugu, 'yarta ta ɗauke ta zuwa wata jiha mai nisa. Hotuna suka daina zuwa. Jael ta tambayi jikar wa ke kula da tudun yanzu, yarinyar ta ce akwai kamfanin da ke yanke ciyawa da bazara.

Tun daga nan Jael ta rage magana a bas. Ta taɓa ce mini, "Da na sani Baba Job na bi, ko a Kaduna ne da wani zai wuce ya gan shi." Jim kaɗan kuma ta ce a'a, ko da za a sake tambayarta haka za ta yi.

Ista da ta wuce ta kira don ta gaida Halina. 'Yar ta gargaɗe ta cewa tsohuwar ta fara mantuwa. Amma Halina ta gane muryar.

"Jael! Ya Fada? Kwana biyu bai zo cin abinci ba. Ki ce masa ya sa hula, akwai sanyi."

Jael ta dubi Sahadatu, wadda ke tsaye da dutsen guga a hannu.

"Yana lafiya, Mama. Zan gaya masa."

Ta ajiye wayar ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Sahadatu ta kira asibiti ta karɓar mata aikin ranar.

Har yanzu Jael tana Al-Sadd, a sashen wankin ƙoda. An sabunta mata kwantiragi bana.