Tsoho Mai Ƙanƙara

A gefen filin wasan rugbi a garin Logan, Sefina tana kallon wani tsoho mai faɗin kafaɗa, ya durƙusa yana ɗaura wa ɗan wasa ƙanƙara a cinya.

"Kawu, sanyin nan zai kashe ni!"

"Rago kawai! Haka aka yi wa tawa ƙafar, ga ta garau."

Abin da Sefina take bincike a kai ke nan: kumburin da tsohon yake kora, ƙwayoyin garkuwar jiki ne suka taru, suna tayar da ƙwayoyin asali na tsoka su ɗinke raunin. Sanyi yana iya jinkirta su.

Wataƙila tsohon ma gwanin ɗan wasa ne a zamaninsa. Ya miƙe da bokitinsa, yana jan ƙafar da yake alfahari da ita.