Kwanon Farfesun da Na Tare a Bakin Ƙofa

A Danchadi na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, wadda duk unguwa ke kira Ige. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha, sai ta sa mu jawo karan dawa mu hura wuta a tsakar gida. Ta tura dankalin fadama cikin toka, ta miƙe ƙafafu tana matsa gwiwa, mu jikoki mu kewaye ta, ido a kan dankali, kunne a wajenta. Tsohuwa ce mai faɗa, ba ta iya lallashi ba, kuma tatsuniyoyinta halinta suka ɗauko. Na sauran tsofaffi da biki da kiɗa suke ƙarewa. Nata kuwa sau da yawa da haushi muke kwanciya.

Ni ce mai yawan tambaya a cikinmu, don haka ni take fara ja wa kunne. "Ke uwar surutu, yau in kin katse ni, kare za ni ba dankalinki." Sannan ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tahe, wanda yay yi kwana shi ya jiyo." Mu ce ta iso mu ji ta.

Akwai guda ɗaya da ba na mantawa. Wai a da bushiya ba ta da ƙaya ko ɗaya. Jikinta sumul, ga ladabi ga kunya, duk dawa ana sonta. Sai mijinta ya kwanta ciwo. Mai magani ya duba shi ya ce zai tashi, amma da sharaɗi: ruwa da ganye kawai, kada maiƙo ya taɓa bakinsa. Masu dubiya suka fara zuwa. Dila ya kawo kitse, shaho ya kawo hanjin kaza, kura da kanta ta ɗauko ɓargo tun daga nesa. Kowa da zuciya ɗaya ya kawo, kuma kowa sai ya zauna ya ga an ci. Bushiya ta kasa cewa a'a. Ta durƙusa ta karɓa, ta yi godiya, ta ba miji, ciwo ya yi ta ƙaruwa. Da ta ga mutuwa zai yi, sai ta tafi gindin farar ƙaya ta yi ta birgima har ƙaya ta rufe mata baya, ta dawo ta dunƙule a bakin rami. Duk wanda ya miƙo hannu da abinci ya sha suka. Suka watse suna zaginta, suna cewa ta hana mijinta ci. Miji ya warke, ƙaya kuwa ta ƙi fita har yau.

Ban iya haƙuri ba. Na ce, "Kaka, da ya warke ya gode mata? Su kuma sun ba ta haƙuri?"

Ta tono dankali da tsinke, ko kallona ba ta yi ba. "Ya warke dai. Mi kika so kuma? Nan tat tsaya, ku ci ku tahi ku kwanta."

Ranar na kwanta ina jin an cuci bushiya, kuma ina ganin Kaka ce ta cuce ta.

Aure ya kawo ni Bodinga. Maigidana tela ne a kasuwa, keken ƙafa yake takawa, kuma da wannan ƙafar muke ci, mu da yara. Mutum ne mai jiki, mai son nama. Wata Babbar Sallah muka je Lambara gidan mahaifiyarsa, aka yi tareni kamar yadda aka saba, wato aka soke ragunan layya da itace aka jera su a kewayen wuta. Shi ne ɗan fari, shi ake fara miƙa wa hanta da ƙoda, ya bi da lemon kwalba mai sanyi. Da muka dawo gida ya wayi gari babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi ja yana ƙyalli. Ko gefen zane ne ya taɓa wurin sai ya yi ƙara. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce wani abu ya taka a ƙofar shago. Aka yi tofi, aka shafa abin shafawa. Ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo da ƙarfi, har ranar da na ga ƙaton namiji yana rarrafe zuwa bayan gida yana hawaye. Sannan muka nufi asibiti a Sakkwato.

Likita ya auna jini ya ce sunan ciwon gaut. Wani abu ne ke yawa a cikin jini, ya taru a gaɓa kamar ɓarɓashin kwalba. Ya ba shi maganin da zai sha idan abin ya motsa, da wata ƙwaya ta kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Ya ce ya riƙa shan ruwa da yawa, ya rage jiki, ya rage jan nama, ya bar kayan ciki da romonsu da lemon kwalba. Nono da ƙwai da kayan lambu ya ci abinsa. Sai ya juyo gare ni ya ce in aka yi wasa gaɓar za ta lalace ta daina lanƙwasuwa, ƙodarsa ma ba za ta tsira ba.

Magani bai ba ni wuya ba. Masu ƙaunarmu ne suka ba ni. A wurinmu in mutum ya kwanta, me ake kai masa? Farfesun kayan ciki, gasasshiyar hanta don ta ƙara jini, da lemon kwalba don ya ji ƙarfi. Abokan kasuwa suka kawo, 'yan uwa daga Shagari suka kawo, kuma kowa sai ya zauna ya ce, "Daure ka taɓa ko kaɗan." Shi ba ya iya mayar da hannun kyauta, kuma, in faɗi gaskiya, ransa ma yana so. Na ɓoye wanda zan iya ɓoyewa, na ba yaran maƙwabta. Wanda aka buɗe a gabansa kuwa sai ya ci. Ciwon ya bar yatsa ya hau idon sawu, ya kama gwiwa. Waɗanda suka kawo ɗinki suka fara zuwa suna karɓe yaduddukansu. Na yi kuka a madafa har na rasa hawaye, na roƙi Allah Ya nuna mini yadda zan yi da mutanen da ba su nufe mu da komai ba sai alheri.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta iso daga Lambara da hantsi, da kwano ɗaure a cikin ɗankwali. Tun daga zaure na ji ƙamshin. A daren da ya wuce maigidana bai runtsa ba, ni ma haka. Ban san lokacin da na je na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa ba, na cika ƙofar da jikina.

Ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne. Ta ce, "Ina wanga yaro? Tun assalatu nid dahwa mishi wanga. Ba ni wuri."

Na ce, "Inna, ki yi mani gahwara. Likita ya hana shi kayan ciki. Su ka tada mishi ciwon."

"Likita yah haihe shi ko ni? Da wanga abinci nir raine shi har yak kai inda kig gane shi. Marar lahiya bai sha romo ba, mi za shi sha?"

"Ruwa, Inna, da hura da nono. Ki shiga ki gane shi, amma kwanon shi tsaya nan. Don Allah."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba, ranar ma ƙasa nake kallo, amma ban matsa ba. Na saurara ko zai yi magana daga ciki, ya ce da ita gaskiya na faɗa. Shiru. Sannan ta juya da kwanonta, ko ruwan gidan ba ta sha ba. Kafin la'asar labari ya kai Lambara da Shagari cewa na hana uwa ciyar da ɗanta. Daga ranar masu dubiya suka ɗauke ƙafa.

Kumburin ya sauka a hankali. Yana shan ƙwayarsa, na ajiye masa butar ruwa kusa da keke, ya koma kasuwa. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, da na bari ya ci ko loma ɗaya don ranta.

Sai yanzu na gane Kaka ba muguntar ƙarshen labari take yi ba. Ta san akwai jinyar da ba ta zuwa da godiya, kuma ba ta so mu girma muna jiran ta. Ni dai har gobe ina jira, don zuciya ba ta jin tatsuniya.

Bayan an kwana biyu na shirya na tafi Lambara ba da haƙuri. Na same ta tana tsince wake a inuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi duk abin da na tanada. Ta ci gaba da tsince wakenta, ba ta ɗago ba. Can sai ta ce, "Yana taka keken?"

Na ce, "Yana takawa, Inna."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Na ji ta ce alhamdulillahi ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba.

"To tashi ki tahi," in ji ta, "kar dare shi yi miki bisa hanya."