Duron da Baffa Ya Tone

Shekaranjiya na tsaya sayen gawayi a Barunde, na tarar yayyafi ya taɓa buhunan. Warin jiƙaƙƙen gawayin nan yana dukan hancina sai na ji raina ya ɓaci. Mai gawayin ya zaci tsada ce ta sa na haɗe fuska, har ya fara ba ni haƙuri. Ba shi ba ne, bawan Allah. Ni dai duk inda na shaƙi wannan wari, tsakar gidanmu na Shamaki nake komawa, kuma ban taɓa komawa can da daɗin rai ba.

Kai da ka tashi ka ga famfo a banɗaki, ba lallai ka san abin da ake kira bazara a Gombe ba. Da zafi ya kankama rijiyar gidanmu take ƙafewa, ka zura guga ka jawo laka. Famfon bakin titi kuwa sai ya ga dama. In ya kawo, layi ya kai ƙofar masallaci, bokiti na bin bokiti, ana zage-zage ana ture-ture. Matan aure ba sa fita, saboda haka mu yara mu ne jakunan gida. Ni ce babba a ɗakinmu. Na ɗauki ruwa har gashin tsakiyar kaina ya zube inda gammo ke zama, kuma sau da yawa sai an tashi daga Islamiyya nake isa, wuyana a sage.

Gidanmu babban gida ne. Baffa, yayan babanmu, shi ne maigida, maganarsa ce magana. Akwai Goggo, yayarsu duka, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida ta zauna, kuma ba abin da ke wucewa ta gaban ɗakinta bai sha sharhi ba. Babanmu tela ne, kekensa a rumfar Baffa yake a kasuwa. Sai Inna, mahaifiyata.

Inna mace ce mai hannu. Ba ta yi boko ba, amma ba ta iya ganin abu yana ɓarna ta kau da kai. Ita ta lailaye murhunta da laka ta toshe gefe da gefe, itacen da wasu ke ƙonawa a girki ɗaya ita ya kai ta dare. Ita ta shafe galan da baƙin tukunya take ɗora shi a kan kwanon rufi, rana ta ɗumama mana ruwan wanka ba tare da an hura wuta ba. In tana irin wannan aiki har waƙa take yi ƙasa-ƙasa, harshenta a gefen baki.

Wata rana na sauke bokiti ina kuka, ta taɓa tsakiyar kaina ta ji santsi. Sai na ga ta tsaya tana kallon bakin makwarara, inda kowa a gidan yake tsugunawa ya yi alwala, inda ake wanke kan yara, ake ɗauraye hannu bayan tuwo. Ruwan da na karye wuya na kawo, ga shi nan yana bi ta rariya yana fita waje, agwagin maƙwabta suna wasa a ciki.

Ta samo rabin duro da aka yar a bayan gida, ta huda shi ta ƙasa. Matar maƙwabcinmu mai gyaran famfo, wata 'yar Ibo da suke gaisawa ta katanga, ta miƙo mata guntun bututu. Ni da Inna muka haƙa rami a bakin makwararar muka zaunar da duron, ta zuba tsakuwa, ta zuba yashi da ta wanke, ta farfasa gawayi ta shimfiɗa, ta rufe da tsohon faranti da ta huhhuda da ƙusa. A bakin bututun ta ɗaura tsumma don ya tare datti. Can ƙasa kaɗan ta binne tsohuwar randa. Ka yi alwala a kan farantin, ruwan ya bi ta gawayi da yashi, ya riƙa ɗiga cikin randa garau. Ba don sha ba ne, ba don alwala ba. Amma ya isa wankin farko na kaya, ya isa banɗaki, ya isa yayyafa wa tsakar gida, har ta dasa zogale da alayyafo a gefe suka yi kore shar a tsakiyar bazara.

Wallahi na samu sauƙi. Sawun da nake yi a famfo ya ragu sosai, na fara zuwa makaranta kafin a rufe ƙofa, gashina ya soma tsirowa. Kuma kowa a gidan ya amfana, kar ma wani ya gaya maka ba haka ba. Goggo da kanta ta sha miyar zogalen nan ta suɗe kwano.

To, sai damina ta zo ta wuce. Wajen kaka, lokacin da sauro ya yi yawa, autan Baffa ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, har yana sumewa. A daidai lokacin kuma ƙafar Baffa ta kumbura, ciniki ya ja baya a rumfa. Ka san mutanenmu, abu uku ba sa haɗuwa a gida ɗaya a ce haka Allah ya so, sai an nemo wanda ya yi. Kuma tun muna yara aka rene mu da tsoron abin da ya fita daga jikin mutum. In an yi maka aski ka binne gashin. In ka yanke farce kar ka bar shi a fili. Ruwan wankanka kar ka bari wani ya tara, don da shi ake yi wa mutum asiri. Wannan tsoro ne Goggo ta ɗauko ta aza wa uwata.

Na ji ta da kunnena tana faɗa wa Baffa a zaure: "Matar da ke tara ruwan ƙafar maigida, me take nema in ba ta mallake gidan ba? Yaron nan a kan farantin nan aka wanke masa kai."

Washegari da hantsi Baffa ya hana kowa fita. Ya sa aka tara mu a tsakar gida, manya da yara, ya ɗingiso da sandarsa ya ce a tone. Aka kawo diga. Ina tsaye ina kallo aka fasa randar, ruwan da muka tara ya malale cikin ƙasa. Aka kifar da duron, baƙin gawayi da yashi suka zube, warin ya cika gidan. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, hannunta duk garin tuwo, tana cewa, "Baffan yara, gawayi ne da yashi kawai, a tambayi yarinyar nan, tare muka zuba."

Ba wanda ya tambaye ni. Goggo ta sa kara ta tsokano tsumman bakin bututu ta ɗaga sama. Tsumma ne da ya yi watanni yana tace ruwan wanke kai, me za a samu a jikinsa in ba gashi ba? Gashi ne kuwa, ya nannaɗe ya cure, na yara da na manya, har da furfura.

"La'ilaha illallahu! Ga shi nan! Gashin mutanen gida ƙulle a tsumma, har da nawa!"

Mata suka ɗauki salati. Wata ta janye ɗanta daga kusa da ni. Na juya ina neman babanmu, na same shi jingine da bango, idonsa a kan takalminsa. Ya san abin da ke cikin duron nan, shi ya ara mana ƙusar da aka huda farantin da ita. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Amma kekensa a rumfar yayansa yake, kuma a wajensu ƙani ba ya musa wa yayansa a gaban mata. Ya rasu yanzu, ina yi masa addu'a kullum, amma shirun nan nasa har yau yana ci mini rai.

Inna ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ka san abin da Baffa ya ce? Ya ɗaga hannu kamar mai raba faɗa ya ce, "Ba sai an kai ga rantsuwa ba. Don albarkacin 'ya'yanki, an yafe miki. Kar a sake."

An yafe mata! Ka ji fa. Da korar ta ya yi, da danginta sun zo an zauna an baje magana. Da ya bar ta ta rantse, da an san ta rantse. Amma ya yafe mata laifin da ba ta yi ba, ya rufe maganar ruf, ya bar ta da shi a wuya. Ban taɓa ganin mugunta mai kama da kirki irin wannan ba.

Yaron ya warke. Asibiti aka kai shi aka yi masa allurai, ni na raka uwarsa, na riƙe mata zani. Amma a gida sai aka ce ai tunda aka tone duro ya samu kansa. Daga nan kwanon Inna ya fara dawowa ɗaki yadda aka kai shi, ba a taɓa ba. In ana biki a dangi ba a ba ta tukunya, ita da ake rububin girkinta. Mata suka daina kawo mata kitso. A bakin famfo yara suna nuna ni suna cewa ga 'yar mai duro. Na koma ɗaukar ruwa kamar da, zogalen ya bushe, Inna ta sauko da baƙin galan daga rufi da kanta ta jefar, don kar a ce shi ma wani abu ne. Ban sake jin waƙar nan tata ba.

Yanzu fa? Yanzu ka shiga kasuwa ka gani. Tukunyar tace ruwa mai gawayi a ciki, murhu mai cin itace kaɗan, tankin da rana ke ɗumamawa a kan rufi, injin wanki da ake cewa ba ya shan ruwa. A rediyo ana ta yabon masu ƙirƙira, ana kiran mata su rungumi zamani. Jikokin Goggo suna da irin waɗannan a gidajensu, suna nuna wa baƙi. Ba wanda ya ce asiri ne, tunda a kwali ya zo da rubutun Turanci. Ni ba na ƙin kayan nan, ina amfani da su. Abin da ke ƙona ni shi ne Baffa da Goggo sun tafi kabari ba wanda ya buɗe baki a cikinsu ya ce, mun zalunce ki.

A Tumfure nake zaune yanzu, can inda gidaje ke cin gonaki, kuma ruwa sai tanka ta kawo. Inna tana wurina, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Babban ɗana da ya karanci aikin injiniya ya gina ɓangarensa a cikin gidan, yana shirin aure. Bara ya haɗa wani abu a bayan banɗaki, robobi biyu manya da bututu, ruwan wanka da na alwala su bi ta ciki su fito a yi ban ruwa da su. Ban taɓa ba shi labarin duro ba. Da ya gama, murna ta cika shi, ya kamo hannun kakarsa ya kai ta.

"Hajiya, zo ki ga fasaha. Ko ɗigo ba zai tafi a banza ba, komai otomatik."

Ta sunkuya ta shafa robar, ta bi bututun da yatsa har ƙarshe, ta daɗe a wurin. Na ga bakinta yana motsi, na ce a raina yau zan ji ta yi dariya. Sai ta miƙe ta ce Allah ya yi albarka, ta koma ɗaki.

Tun ranar ba ta ƙara alwala a banɗakin nan ba. Sai ta ja butarta zuwa tsakiyar gida, inda kowa ke gani, ta yi a kan siminti, ta zauna tana kallo har rana ta shanye ruwan. Matar da ba ta iya ganin ɗigo ya zuba a banza. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce Inna zamani ya canja, waɗancan mutanen duk sun mutu. Washegari ma sai ta ja butarta.

Ana saura kwanaki a kawo amarya ta kira ni ɗakinta, ta sa na turo ƙofa. Ta kama hannuna ta rage murya, kamar akwai mai laɓe a zaure.

"Ki ce masa ya cire abin nan kafin yarinyar ta tare. Shi namiji ne, ba mai ce masa komai. Ranar da wani ya yi zazzaɓi a gidan nan, ita za a nuna."