Lissafin Malama Orysia Bai Ci Amanar Kowa Ba

Da hantsin ranar Talata, 15 ga Afrilu, Allah Ya karɓi ran Malama Orysia Demchuk a asibitin garinmu, Elk Narrows, tana da shekara saba'in da huɗu. Ciwon zuciya ne. 'Yarta Larysa ta kira ni a ofishin jarida ta ce in rubuta sanarwa, kada ta wuce layi biyar, domin wasiyyar da mahaifiyarta ta bari ke nan. Na rubuta, ta fito ranar Laraba. Wannan rubutun kuwa ba wanda ya sa ni.

Malama, kin rasu kwana tara bayan an fitar da ƙungiyarmu ta hokin ƙanƙara, Kyarketai, a zagayen farko na neman kofi. Tun ba a kai ki makwanci ba ake faɗa a shagon gahawa cewa lissafinki ne ya kashe mu. Ranar Alhamis mai zuwa kwamitin ƙungiya zai zauna ya yanke ko za a ci gaba da zaɓen 'yan wasa bisa tsarin da kika kafa, ko a watsar da shi tare da manajan da ya bi shi. Ba kya nan balle ki kare kanki. Ni kuwa shekara ashirin da biyu ina kawo rahoton wasannin nan, don haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Malamar lissafi ce ke a sakandaren gari, kuma cikin mutum tara na kwamitin nan, bakwai sun zauna a ajinki. A 1994 kika fara hawa layin kujeru na can sama a filin wasa, da bargo a cinya da littafi da fensir, domin tawadar biro daskarewa take yi a wurin. Abin da ya kai ki can wani abu ne da dukkanmu muka sani muna dariya. In an jefa faifai, wato ƙwallon wannan wasa, a raga, alƙali kan je teburin mai rubuta sakamako ya faɗi lambar wanda ya ci da lambobin mutum biyu da suka taimaka masa. Sau da yawa bai ga na biyun ba, sai ya tambayi 'yan wasa suna tsakiyar rungumar juna. Wanda ya fi murya ko ya fi daɗewa a ƙungiya sai ya kira lambarsa, ko da sandarsa ba ta taɓa faifan ba, kuma ta shiga takarda ke nan har abada. In kaka ta ƙare, mu ɗin da muka yi dariya mu ne za mu ɗauki takardar nan mu duba wa za a riƙe, wa za a sallama.

Ke kika ƙi. Kika riƙa ƙirga naki: wa ya ƙwato faifai a lungu, wa ya fito da shi daga gidanmu bai miƙa wa abokin gaba ba, sau nawa muka harba raga kuma sau nawa aka harbo tamu lokacin da wane yake kan ƙanƙara. Shekara goma sha huɗu kina wannan aiki ba wanda ya nemi gani.

A 2008 aka naɗa Lorne Tessier manaja, tsohon ɗalibinki. Ya yi niyyar sallamar wani ɗan baya daga arewa, Elwood Ballantyne, wanda sau biyu kacal ya ci a kaka guda. Ina ofishin lokacin da kika shigo da tukunyar varenyky mai zafi, dafaffen ƙullin fulawa irin na gargajiyarku, da takarda ɗaya. Kika ajiye masa tukunyar tukuna, sannan takardar.

“Lorne, a aji ma haka kake. Ka leƙa bayan littafi ka kwafo amsa, ba ka duba ta ina aka bi.”

“Malama, mutumin nan fa bai san inda raga take ba.”

“Ya san inda tamu take, ɗan nan. Sauran naka fa?”

Takardar ta nuna cewa in Elwood na ciki, harbin da ake yi mana yakan ragu da kusan rabi. Lorne ya riƙe shi, ya ƙara nemo wasu uku irinsa waɗanda ba mai so, don haka ba su yi wuyar samu ba. A ƙarshen kakar muka ɗauki kofi, karo na farko cikin shekara arba'in da ɗaya. Mun sake ɗauka sau biyu bayan nan. Ban ji wani a shagon gahawa ya yi ƙorafi da lissafi a waɗancan shekarun ba.

Ba alƙaluma kaɗai kika riƙe ba. Duk Lahadi da rana ɗakin girkinki cike yake da ƙarti masu tabon ɗinki a haɓa, kina koya musu darasin da tafiye-tafiyen wasa suka sa suka rasa. Wanda za a sallama, ba kya bari ya ji a bakin wani. Kikan ba shi shafi guda da rubutun hannunki, abin da ya iya da abin da bai iya ba, ki ce ya nuna wa duk kocin da zai je wurinsa. Elwood yanzu ma'aikacin jinya ne. Ya yi tuƙin kilomita ɗari bakwai don ya kama akwatin gawarki.

Yanzu ga laifin da ake ɗora miki. A watan Janairun bana, ana gab da rufe musayar 'yan wasa, kika ba Lorne shawara ya bayar da Brock Halvorsen, wanda ya fi kowa maki, ya karɓo 'yan baya biyu da ba wanda ya san sunansu. Gari ya ɗauki zafi. Hujjarki ita ce, cikin taimako arba'in da ɗaya da takarda ta ba Brock, goma sha uku bai taɓa faifan ba, kuma in yana ciki an fi harbo mu fiye da yadda muke harbawa. Ba ki ce mugun ɗan wasa ba ne. Kin ce kasuwa ta yi masa farashin da ya fi shi, gara a sayar tun ba a farga ba. Bayan musayar mun ci wasa goma sha bakwai cikin ashirin da ɗaya, muka gama a kan gaba.

Sai muka haɗu da ƙungiyar Fort Aubrey, a karon da duk wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi zai wuce. Aka yi uku da uku. A wasa na bakwai, ranar Lahadi da la'asar, mun harba ragarsu sau hamsin da biyu, su sun harbo tamu sau goma sha tara. Suka ci biyu, muka ci ɗaya. Golansu ya tare da safar hannu, ya tare da gwiwa, sau ɗaya ma da ƙeya, yana kwance bai san faifan ya zo ba.

To, shin alƙaluma na faɗin wanda zai ɗauki kofi? Ba ki taɓa cewa suna faɗa ba. Larysa ta nuna mini abin da kika rubuta wa Lorne kafin zagayen, layi ɗaya ne: in an buga wannan karo sau ɗari, za mu wuce sau sittin da huɗu, sauran talatin da shida kuma mu yi kuka. Na zauna na duba duk hasashen da kika yi tun 2008, na ƙungiyarmu da na sauran. Zagaye casa'in da takwas ne, kin dace a sittin da uku. Wannan ba duba ba ne, kuma ba ki sayar mana da shi a matsayin duba ba. Wasa bakwai kaɗan ne, ƙanƙara kuma tana da santsi ga mai gaskiya da marar ita. Amma duk wanda yake da hanyar da ta fi wannan, ya kawo ta ranar Alhamis a rubuce, da shekarunta, mu gwada.

Na san masu cewa lissafi camfi ne. Ɗayansu bai aske gemu ba tun Maris don kada sa'a ta gudu. Wani kuma, wanda yake cikin kwamiti, safa ɗaya ya sa a duk wasanni bakwai ɗin, matarsa ce ta faɗa mini tana toshe hanci. Ban ji an kira taro a kan safar ba. Laifi tudu ne.

Na zo gidanki washegarin wasan, na tarar kina kwafe alƙaluman jiya cikin littafi kamar kullum. Na tambaye ki ko kin yi nadama. Kika ce abin ya yi miki ciwo ƙwarai, kuma akwai abu ɗaya da shekara talatin da ɗaya ba su koya miki ba, wato yadda ake auna gola, shi kam kin bar wa Allah.

“Amma ko ka mayar da ni Janairu sau goma,” kika ce, “ba zan canza mutum ɗaya ba.”

Akwai abin da ya kamata kwamiti ya sani kafin ya ɗaga hannu. A wurin cin abinci bayan jana'iza, a zauren coci, manajan Fort Aubrey ya matso kusa da Larysa, hularsa a hannu. Ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce shi ya san ko wace ƙungiya ce ta fi a wasan nan bakwai, kuma ba tasa ba ce. Ya roƙi a ba su littattafanki, duka casa'in da huɗu, in mutanen Elk Narrows ba su da bukatarsu. Ya ce akwai wadda za ta ci gaba da aikin a can. Larysa ta dube shi, ta dubi teburin da 'yan kwamiti suke zaune suna cin abincin makokinki, ta ce masa ya kira ta ranar Juma'a, washegarin zaman kwamiti.

Wanda ya doke mu ya gane abin da ke hannunmu. Saura mu. In kwamiti ya zaɓi ya koma wa takardar da mai babbar murya ke cikawa, haƙƙinsa ne, amma zan buga sunan kowa da yadda ya kaɗa ƙuri'a, kuma baɗi in Fort Aubrey ta zo ta raba mu da faifai a kowane lungu, kada wani ya tambaye ni a ina suka koya.

Allah Ya jiƙan Malama Orysia, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da alherin da ta yi wa 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga Larysa da mijinta da 'ya'yansu biyu, da ƙanwar marigayiya, Halyna, da Lorne Tessier wanda ya tsaya a kan shawararta ya ƙi ɗora mata laifi ko da kujerarsa na rawa. Allah Ya ba su haƙurin rashi. Mu kuma da ta bari da hukunci a hannu, Allah Ya ba mu kunyar da za ta sa mu yi daidai.